Shaf ɗin Hagu na Motar Asibiti

Kwamitin asibitin coci na Namaloya ya mayar wa direbansa Liswaniso Mukelabai makullin mota ranar Litinin, kwana goma sha ɗaya bayan an karɓe shi daga hannunsa. An kuma janye takardar sallamarsa, wadda aka riga aka buga, saura sa hannu. Kwamitin ya yanke haka ne bayan abin da wani makanike ya tarar ranar Alhamis a Mongu, da ya cire shaf ɗin gaba na hagu na motar.

Liswaniso shekararsa sittin da ɗaya. Tara daga ciki ya yi su ne a kan a-kori-kurar asibitin, fara, mai giyar ƙafa huɗu, wadda wani shirin agaji ya bar musu lokacin da ya tattara ya tafi. Daga Mongu zuwa Namaloya kilomita saba'in da huɗu ne, goma sha biyu kwalta, saura rairayi. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin motar a kafe.

Ranar Larabar farko ta Oktoba ta kafe a hawan Situnga da ƙarfe sha ɗaya na safe, da akwatin allurar rigakafin yara a kujerar gaba. Awa bakwai aka yi kafin a samo shanu shida su fizgo ta. Kafin nan ƙanƙarar akwatin ta narke, allurar ta lalace, matan da suka yini da goyo a ƙofar asibiti suka koma gida. Aka juyo da motar Mongu, aka ajiye ta a harabar coci.

Mai kula da harkokin asibitin, Nalishebo Imasiku, wata huɗu ke nan da dawowarta daga Lusaka. A rahotonta ta rubuta cewa motar ita ce dai ta jiya, hanyar ma ita ce, abin da ya canza shekarun direba ne. Liswaniso ya ce wa kwamiti motar ba ta ja da gaba. Aka ce duk direban da ya kafe haka yake cewa. Wani dattijo a cikinsu ya ce a bari makanike ya duba kafin a sa hannu, don kada a ce ba a yi ba.

Garejin Milimo Hantuba inuwar mangwaro biyu ce a bayan kasuwa, da kwantena ɗaya ta ajiyar kaya. Mutumin Tonga ne daga Monze, shekara ashirin da biyu yana gyaran mota a cikin Lozi, kuma bai taɓa barin wasan da ke tsakanin ƙabilun biyu ya huce ba. Nalishebo ta kawo motar da kanta da ƙarfe takwas. Ta zauna a kan wata tsohuwar kujerar bas da littafi a cinya, don a nan ba a bar wa makanike mota a tafi. Liswaniso ba a gayyace shi ba. Da ƙafa ya zo, ya rage tsawo ya tafa mata hannu irin gaisuwar Lozi, ta amsa da tafi, ya koma gindin mangwaro ya tsuguna.

"Wa nake gani kamar bawana?" in ji Milimo. "An ce shanu ne suka cece ka. Yau ka san darajar saniya."

"Sun yi aikinsu ba su ce uffan ba," in ji Liswaniso. "Ka yi koyi da 'yan uwanka."

"Madam, kina ji ko? Mutum ya cika cikinsa da guza, ya manta inda giya take."

"Ni ma Lozi ce, Bo Milimo," in ji ta, ta sa masa "Bo" na girmamawa.

"Na sani. Shi ya sa na ce ki ji."

Ta duba agogo. Milimo ya shimfiɗa buhunan garin masara huɗu da aka farke aka ɗinke wuri ɗaya, don notin da ya faɗa rairayin Mongu ya tafi ke nan. Ya sa katako a ƙarƙashin jak, ya ɗaga gaban motar, ya tokare ta da kututture. Ya juya tayar dama da hannu. Ƙarfen da ya fito daga cikin motar ya shiga bayan tayar ya juya tare da ita. Ya zagaya hagu ya yi haka. Tayar ta yi ta zagayawa, ƙarfen ko motsi. Ya sake juya ta, ta baya wannan karon. Ya ɗan jima yana kallo.

"Madam, zo ki gani da idonki, kada gobe a ce ɗan Tonga ya yi ƙarya."

Ta tattare zanenta ta durƙusa a kan buhu.

"Wannan ƙarfen shi ne shaf," in ji shi. "Shi ke ɗauko ƙarfi daga giyar gaba ya kai wa taya. Kai biyu gare shi, na ciki da na waje, kowanne da robarsa don kada yashi ya shiga. A cikin na wajen akwai ƙwallayen ƙarfe shida. Su ke sa taya ta karya kwana kuma tana ja. In taya ta juya, dole shaf ya juya. Kin ga na dama. To ga wannan."

"Me ya hana shi?"

"Abin da nake son sani ke nan." Ya ɗaga murya. "Kai tsoho, wannan ɓangaren ya taɓa yi maka ƙas-ƙas in ka karya sitiyari?"

"Na dama ya yi sau uku, an canza. Na hagu ko tari bai taɓa yi ba."

"Shekara nawa?"

"Tara."

"A wannan yashin naku?" Milimo ya shafa robar da yatsa. Ba tsaga, ba ɗigon giris. "Ni nan in kan shaf ya yi shekara biyu sai in ce mai motar ba ya fita. Za mu cire shi."

Nalishebo ta buɗe jaka ta fito da kwalbar jan farce, ta ɗiga a jikin shaf ɗin, ta ɗiga a kan robar.

"Madam, wa zai saci shaf ɗin da ba ya aiki?"

"A Lusaka na koya."

"Ai an gani."

Ya cire tayar, ya jingine ta. A tsakiyar ƙafar akwai babban noti da fil a soke a jikinsa. Ya miƙe fil ɗin da filaya ya zare. Notin ba ya kwancuwa sai an taka birki, in ba haka ba ƙafar ce za ta yi ta juyawa. Milimo ya dubi Nalishebo, ya dubi takalminta mai tsini, sannan ya dubi gindin mangwaro.

"An hana shi taɓa motar," in ji ta.

"Da hannu aka ce ko da ƙafa?"

Ta juya wajen mangwaron. "Bo Liswaniso, birki kawai."

Ya tashi ya karkaɗe wando, ya shiga ya zauna. Bai taɓa sitiyari ba, hannuwansa a kan gwiwa. Milimo ya zura bututun ruwa mai tsawon mutum a hannun sifana, ya hau da ƙafa ɗaya. Karo na uku notin ya yi ƙara ya saki.

Sauran aikin ya ci kusan awa ɗaya. Ya kwance ƙarfen da ke haɗa ƙafar da sitiyari, ya doki gefen mazauninsa da guduma sau biyu ya fita. Ya kwance notin ƙasa da ke riƙe da ƙafar, yana jera kowanne a kan buhu yadda ya fito. Ya mayar da babban notin a baibai a bakin shaf, ya ɗora guntun katako, ya buga har bakin ya ja da baya. Sannan ya janyo ƙafar waje da hannu biyu, ya ɗaure ta da waya a jikin motar don kada nauyinta ya tsinke tiyon birki. Nalishebo tana tambaya, yana amsawa ba tare da ya ɗago kai ba. Me ya sa katako? Don kada bakin ya baje, noti ya ƙi komawa. Me ya sa a baibai? Dalilin ɗaya ne. Ta rubuta.

Kan na ciki shi ne mai gardama. Wani ɗan zoben ƙarfe ne ke riƙe da shi a cikin giyar gaba, ba a ganinsa, ba a kai masa hannu. Milimo ya tura kwano a ƙasa don mai, ya kwanta rigingine, ya soka liba a bayan kan, ya fizga. Bai fita ba. Ya juya shaf ɗin kaɗan ya sake. Bai fita ba.

"Ko a kira shanun?" in ji Liswaniso daga cikin mota.

"Kai dai riƙe birkinka, shi kaɗai aka amince maka."

Ya sake juyawa, ya fizga da gaggawa. Aka ji ɗas, baƙin mai ya zubo a kwano. Milimo ya fito da shaf ɗin a rungume, ya kwantar da shi a tsakiyar buhu.

"Ga kifi, maciya kifi. Ku matso."

Robar kan waje ba da irin ɗaurin kamfani aka ɗaure ta ba. Waya ce, an murɗe ta tsaf, an lanƙwasa bakin. Milimo ya yi niyyar datse ta, sai ya fasa. Ya kai shaf ɗin inda rana ke faɗowa ta tsakanin ganye, ya jujjuya shi, ya ce wa Nalishebo ta ɗauki hoton wurin da wayarta. Ta ɗauka. Sannan ya datse, ya zame robar baya. Kan ya fita a hannunsa ba tare da an buga ba.

Giris ɗin ciki ya daskare kamar tsohon sabulu. Ya kwakwalo shi da yatsa yana zubawa a murfin fenti, yana murzawa. Ya zuba fetur ya wanke kan har ƙarfen ya fito fes. Ya kife shi a tafin hannu ya girgiza. Ba ƙwallo ko ɗaya. Ba ragar ƙarfen da ke riƙe su. Abin da ke ciki wani zoben roba ne mai kauri, an yanko shi daga tayar babbar mota, an zura shi a bakin shaf ɗin daidai wa daida.

Liswaniso ya fito daga motar ya tsaya a bayansu.

"Narkewa suka yi?" in ji Nalishebo.

"Ƙarfe ba ya narkewa a giris, Madam. Da fashewa suka yi da mun ga ɓurɓushi. Kin ga na murza, ba komai. Hannu ne ya cire su."

"Don me?"

"Haka muke yi in kan shaf ya fashe wa mutum a daji. Ka buɗe, ka kwashe abin da ya karye, ka mayar da kan don taya ta zauna, ka lallaɓa ka iso gari da tayoyin baya. Dabarar kwana ɗaya ce. Amma wannan ba a daji aka yi shi ba. Dubi yankan robar nan. Mai wannan yana zaune ne a inuwa, da wuƙa mai kaifi, ba ya sauri. Ya sa ta ne don kada ƙarfe ya bugi ƙarfe a ji."

"To tayar dama fa? Ita ai nata lafiya lau."

"Giyar gaba ragguwa ce. Inda ya fi sauƙi nan take tura ƙarfi. Duk abin da inji ya aiko, a nan yake tsiyayewa, shaf ya yi ta juyawa a cikin giris shi kaɗai. Fitila ta kama a gaban direba, ta ce ƙafa huɗu. A ƙasa biyu ne."

Nalishebo ta rufe littafin, ta juya.

"Bo Liswaniso, kai ka yi wannan?"

"A'a."

"Ka sa an yi?"

"A'a, Madam."

"Buɗe hoton nan," in ji Milimo. Ta buɗe, ya nuna da ɗan yatsansa da bai ɓaci ba. "Kin ga baƙin fenti a kan wayar? Ya hau waya, ya hau roba, ya hau shaf, bai karye ba sai yau da na datse. Leƙa ƙarƙashin motar, fentin nan ne ko'ina. An ɗaure tukuna aka fesa. Kai tsoho, yaushe aka fesa wa motar nan fenti a ƙasa?"

"Da shi ta zo. Ranar da aka ba mu ita warinsa har cikin coci."

"To ka ji. Bawana ba shi da wayon wannan aikin ma. Ku Lozi in kwalekwale ya huje tsumma kuke cusawa."

Ba wanda ya yi dariya. Nalishebo ta koma kujerarta, ta buɗe littafin, ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Da ta gama ta ɗago.

"Akwai abin da bai zauna mini ba," in ji ta. "In shekara tara ke nan ba ta ja da gaba, to ranar Laraba ba abin da ya lalace. Yadda take bara haka take ranar nan. Me ya sa ba ta taɓa kafewa ba sai yanzu?"

Tambayar ta mayar da magana inda rahotonta ya ajiye ta, kuma dukansu uku sun gane haka. Liswaniso ya dubi ƙasa. Milimo ya goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Gaskiyarki," in ji shi. "Ni ma ina son in sani. Hawan Situnga da ƙafa biyu, ni ba zan iya ba. Tsoho, iskar taya ka rage?"

"Kamar kullum. A ƙarshen kwalta."

"Giya?"

"Ta biyu tun daga gindin hawan, ban canza ba."

"Ko rana ce ta yi? Yashi ya yi zafi ya saki?"

"Na hau shi da sha biyu, na hau shi da ƙarfe biyu. A Oktoban ma."

"Idonka fa? Faɗi gaskiya, ba mai ji sai mu."

"Ina ganin muninka sarai."

Milimo ya zagaya bayan motar. Ya dafa bodin ya danna, ya saki. Ya tsuguna ya leƙa ƙarafan da ke ɗauke da bodin a kan tayoyin baya. Ya kamata su yi baka, amma sun miƙe sun kwanta, ɗaya ma an taɓa yi masa walda.

"Motar asibiti ce wannan ko ta dakon gawayi? Me kake lodawa?"

"Magani."

"Magani bai kwantar da ƙarfe haka ba. Ranar Laraba me ke baya?"

"Ba komai."

"Da can fa?"

Liswaniso ya dubi Nalishebo.

"Faɗi," in ji ta.

"Mutane. Duk wanda na tarar a hanya. Ba a wuce mai tafiya a ƙasa a hanyar nan, kowa ya sani. Mata da buhunan rogo, masu busasshen kifi, malaman makaranta in an yi albashi. Wani lokaci akuya. Akwai wanda na ɗauko da ƙofa."

"Mutum nawa?"

"Goma. Sha biyu. In an yi rasuwa ya fi."

"A ina suke zama?"

"Masu jiki a kan taya, buhuna a tsakiya. In mun zo Situnga sai in ce kowa ya koma can baya ya riƙe da kyau. Sun ma sani, ba sai na faɗa ba."

Milimo ya zauna a kan tayar da ya cire. Ya dubi bodin, ya dubi kan shaf ɗin da ke kife a kan buhu.

"Ranar Laraba ina suka shiga? An daina tafiya a ƙasa?"

"Ni na hana," in ji Nalishebo. "Daga ɗaya ga wata. Inshorar motar ba ta san da mutum a bodi ba. In wata ta faɗo da goyo, asibiti za a kama." Ta duba littafinta, ko da yake ba ta buƙata. "Ranar Laraba ce fitarsa ta farko bayan dokar."

"To ga ƙafarki huɗu nan, Madam. Mata goma da rogonsu. Su ke danne tayoyin baya su kama ƙasa. Kin sauke su, baya ya yi sakayau, taya ta yi ta haƙa rami." Ya juya. "Kai kuma ka san haka?"

"Na san in ba nauyi tana rawa. Na ɗauka halinta ne. Sau uku ina faɗa a wurin sabis, a leƙa a ga roba lafiya, ba ƙara, a ce mini tsoho ka cika ƙorafi."

"Ina za ta yi ƙara, ba abin da zai yi ƙarar."

Da azahar Milimo ya ɗaure tsohon shaf ɗin a bayan kekensa ya tafi cikin gari neman sabo, don ba ya sayen shaf sai ya jera shi da wanda ya cire. Kafin ya tafi ya toshe ramin giyar da tsumma mai tsabta, ya rufe ƙafar da tsohuwar riga. Mai abincin bakin kasuwa ta kawo tuwon masara da kifi kwano biyu. Nalishebo ta tura wa Liswaniso ɗaya. Ya tafa hannu ya karɓa, ya juya gefe ya ci.

"Me ya sa ba ka ce mini dokar za ta kafe motar ba?" in ji ta.

"Ban sani ba. Da na sani ma na faɗa, da kin ce wayon tsoho ne, yana karɓar na shayi a hannun mutane."

"Da na ce." Ta gutsuri tuwo. "Kana karɓa?"

"Rogo. Wani lokaci kifi. Mai ƙofar bai ba ni komai ba."

Ba ta rubuta wannan ba.

Milimo ya dawo da ƙarfe biyu da rabi. Shago na farko shaf ɗinsu ya gaza da faɗin yatsa, na biyu haƙoran bakinsa ba su kai ba. Na uku ya yi. Ya jera sabon da tsohon a kan buhu, ya ƙirga haƙoran kowane baki da farce a gabanta, ya sa ta ita ma ta ƙirga. Ta ɗiga wa sabon shaf ɗin jan farce.

Mayarwar ta fi cirewar sauri, amma ta fi son natsuwa. Iska ta taso daga fadama, ya jira ta kwanta kafin ya zare tsumman. Ya shafa mai a bakin shaf ɗin. Ya juya ɗan zoben ƙarfen yadda buɗaɗɗen bakinsa zai dubi ƙasa, ya liƙa shi da giris don ya zauna a tsakiya. Ya zura a hankali yana jujjuyawa har haƙora suka shiga haƙora. Sannan ya ja da baya kaɗan, ya tura da ƙarfi gaba ɗaya. Aka ji ƙas.

"Kin ji? Zoben ya zauna. Zo ki ja."

Ta kama da hannu biyu ta ja. Bai fito ba.

"In bai yi wannan ƙarar ba, a Situnga zai zame, mai ya tsiyaye, ku sake neman 'yan uwana."

Ya kwance wayar da ya ɗaure ƙafar, ya zura bakin shaf a tsakiyarta, ya mayar da notin ƙasa da ƙarfen sitiyari. Liswaniso ya shiga ya taka birki ba tare da an ce masa ba, Nalishebo ba ta hana ba. Milimo ya ɗaure babban notin, ya soka sabon fil ya lanƙwasa. Ya ɗura mai a giyar har ya fara dawowa ta bakin ramin, ya toshe. Ya mayar da taya, ya juya ta da hannu. Shaf ɗin ya juya tare da ita.

Bayan garejin akwai gangaren da ke sauka fadama, yashi zalla, inda masu amalanke ke sauka su tura. Milimo ya ce a nan za a gwada, baya ba kowa. Ya ce shi ba zai tuƙa ba, don in ta hau za a ce gwanintarsa ce. Nalishebo ta ɗan juya makullin a hannunta, sannan ta miƙa wa Liswaniso.

"Sau ɗaya. Ka sauka ka hawo."

Ya rage iskar tayoyin huɗu da tsinken ashana, yana ƙirgawa a baki. Ya sauka har ƙasa, ya juya, ya tsaya a gindin hawan, inda ba direban da ke tsayawa. Ya sa giyar ƙafa huɗu. Motar ta taso daga tsaye, yashi yana tashi a bayan tayoyin gaba, ta hawo ba tare da ta yi rawa ba. Ya kashe ta a gabansu, ya jima bai fito ba.

"Yaya?" in ji Milimo.

"Sitiyarin yana gardama."

"Gaban motar ne ya farka."

"Tana jan hannuna. Sai na sake koyon ta." Ya fito ya miƙa wa Nalishebo makullin da hannu biyu. Ta karɓa ta sa a jaka, tare da zoben robar, wanda ta naɗe a takarda.

A zaman Litinin ta ajiye zoben da kan shaf ɗin a kan tebur, ta karanta sabon rahoto mai shafi biyu. Ta janye jimlar da ta yi magana a kan shekarun direba. Zaman bai kai minti arba'in ba. Dokar hana ɗaukar mutane tana nan, an ce za a sake duba ta a Disamba. Liswaniso ya tafi Namaloya washegari da sabon akwatin allura, ya isa da ƙarfe ɗaya saura.

Milimo ne ya tambayi dattijon kwamitin ko motar ita kaɗai shirin agajin ya bayar. Dattijon ya ce uku ne, iri ɗaya, rana ɗaya, dukansu da sabon baƙin fenti a ƙasa. Ɗaya ta ƙone shekara huɗu da suka wuce. Ɗayar tana wani asibiti a yankin Lukulu. Direbanta, Mundia Kabika, an sallame shi bara bayan ya kafe sau biyu a wata ɗaya, yanzu yana sayar da gawayi a Kaoma. Nalishebo ta rubuta wa asibitin ranar Talata, ta haɗa da hoton wayar. Har yanzu ba amsa, kuma ba a buɗe shaf ɗin waccan motar ba.